Ƙanzon albarushi a bindigar ɗuri ta baki: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa riƙe bindigar da ake ɗurawa ta baki, ko adakar maharbi ce, ko ta 'yan bindigar hawan Sallah, ko irin mai murɗaɗɗen zane a ciki da Amurkawa ke gasa da ita, ya san cewa bayan harbi uku ko huɗu sai cikinta ya fara cijewa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, wasu a maƙera, wasu a bakin daji. Ni dai ƙanzo nake ce wa wannan dauɗa, don ban ga abin da ya yi kama da ita kamar abin da tuwo ke bari a gindin tukunya ba.

Wai mene ne wannan baƙin abu da ke taruwa a cikin bututun?

Ragowar albarushi ne. Baƙin albarushi haɗin abu uku ne: wani gishiri da masana ke kira fotasiyam naitiret, da gawayi, da farar wuta. Idan ya kama, abin da ke komawa iska ya tura dalma, wato harsashin, bai kai rabinsa ba. Wasu masana biyu na Ingila, Andrew Noble da Frederick Abel, sun auna wannan a shekarun 1870, suka tarar kusan kashi 56 cikin 100 na nauyin albarushin yana saura a matsayin busasshen abu. Wani ya fita ta baki, shi ne farin hayaƙin nan da ke turnuƙe fili. Sauran kuwa ya lafe a jikin ƙarfe.

Mafi yawan wannan ragowa gishiri ne iri-iri. Babbansu shi ne fotasiyam kabonet, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu, domin shi ne ke ba ruwan toka kaifinsa, wanda iyayenmu mata ke tacewa su sa a miya ko su haɗa sabulu. Taɓa jiƙaƙƙen ƙanzon da yatsa za ka ji santsi irin na ruwan tokar. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi in an zuba ruwa kuma, aikin farar wuta ne.

Me ya sa tsatsa ke kama ta cikin kwana ɗaya?

Saboda gishirin nan yana shan laima daga iska, kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa a kwano cikin watan Agusta ba tare da kowa ya zuba masa ruwa ba. Ka harba da yamma, ka jingine bindigar a lungu, kafin gari ya waye busasshen ƙanzon ya zama laka mai cin ƙarfe. Tsatsar ba ta tsaya a sama ba, tana haƙa ƙananan ramuka ne, kuma kowane rami ya zama maɓoyar ƙanzon gaba. Daga nan bindigar ta shiga wahala ke nan, kullum sai ta fi jiya saurin ƙazanta.

To da me ake wanke shi, da ruwa ko da mai?

Da ruwa. Wannan ita ce amsar da mutane suka fi ƙin ji, don tun muna yara aka koya mana cewa ruwa da ƙarfe ba sa ga maciji. Amma gishiri a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai. In ka zuba mai a kan ƙanzo, lulluɓe shi kawai ka yi, yana nan a ƙasa yana cin ƙarfensa a ɓoye. In kuma man injin ne ko kananzir, abin ya fi muni, domin idan man da aka samo daga fetur ya haɗu da ƙanzon albarushi kuma wuta ta gasa su, sai su zama wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, wanda ruwan ma ba ya ɗebe shi cikin sauƙi.

Na ga wannan da idona a hannun ƙanen mahaifiyata, maharbi ne na gaske, ba ya wasa da bindigarsa. Duk dawowarsa daga daji sai ya tsiyaya mata baƙin mai da yake karɓowa wajen wani mai gyaran babur, ya toshe bakin da tsumma, ya rataye. Wata damina ta fara yi masa gardama, sai ya tafi da ita maƙera, ina biye. Maƙerin ya kwance gindin bututun, ya ɗaga shi sama ya leƙa ta hasken rana, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya miƙa masa.

"Malam, duba da kanka."

Kawu ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah! Ni da ba na barin ta da ƙishin mai?"

Maƙerin ya ce, "Ai ba mai take nema ba, wanka take nema. Ka taɓa ganin an shafa wa yaro mai bai yi wanka ba?"

Ni ma na karɓa na leƙa. Wajen taƙi ɗaya daga gindi, inda albarushi ke zama, ƙarfen ya yi zanzana kamar fuskar wanda ya yi agana. A hanyarmu ta komawa na ce, "Kawu, yanzu ya za a yi?" Ya ce, "Ɗana, sabon bututu, in Allah ya hore." Tsohon ya ƙare a matsayin madogarar ƙofar garke.

Mai yana da ranarsa, amma bayan wanka ne, idan ƙarfe ya bushe sarai.

Yaya ake wankan, dalla-dalla?

Da farko ka tabbatar babu ɗuri a ciki. Zura sandar ɗuri har ta dire, ka kama inda ta tsaya da yatsa, ka fito da ita ka gwada a jikin bututun ta waje. In ba ta kai daidai ƙofar wuta ba, wato ɗan hujin gindi da wuta ke bi ta isa albarushi, akwai abu a ciki, kada ka ci gaba.

In bututun yana cirewa daga katako, cire shi. Kwance ɗan kan da ake kifa wa hular wuta (ita ce ke tartsatsi ta kunna albarushi in an doke ta), ka tsoma gindin bututun a bokitin ruwa mai ɗan sabulu. Naɗa ƙyalle a kan sandar yadda zai cika bututun, ka riƙa turawa kana jawowa kamar mai buga famfon keke. Ruwan zai riƙa shiga ta ƙofar wuta yana fita da ƙarfi, kuma wannan fitar ita ce ke wanke lungun da ƙyalle ba ya kaiwa. Ruwan farko baƙi ƙirin zai yi, ga wari. Zubar, ka sake, har sai ya fito garau. Sannan ka ɗauraye da ruwa zalla, ka bi da busassun ƙyallaye har na ƙarshe ya fito fari kuma a bushe, ka shafa mai kaɗan ciki da waje.

In bututun ba ya cirewa, toshe ƙofar wuta da tsinke, ka cika shi da ruwa ta baki, ka bari ya jiƙa kamar minti 5, ka tuntsurar. Riƙe bindigar yadda ruwa ba zai gangara cikin katako ba. Kada ka manta da kewayen ƙofar wuta da bakin kunama da ke dukan hula, nan ma ƙanzo yana fantsama, kuma tsohon buroshin haƙori ya isa.

Abin da mutane ke tsallakewa shi ne komawa. Kashegari ka sake zura ƙyalle, haka ma bayan kwana uku. In ya fito da ja-ja, wanka bai yi ba.

Ruwan zafi ko na sanyi?

An daɗe ana wannan musu. Ruwan zafi yana ɗumama ƙarfe ya bushe da kansa, amma yana kawo wata siririyar tsatsa nan take in ka yi nawar shafa mai. Ruwan randa ma yana narkar da gishirin daidai gwargwado. Ni mai ɗumi nake amfani da shi, in shanya bututun a rana na ɗan lokaci, rana kuwa ba mu rasa ta ba.

Ina cikin harbi, sai na share bayan kowane harbi?

Ya danganta da abin da kake nema. Masu gasar saiti a Amurka, irin waɗanda ke taruwa a garin Friendship na jihar Indiyana ƙarƙashin ƙungiyarsu da aka kafa a 1933, da yawansu suna sharewa bayan kowane harbi. Dalilinsu ba tsabta ba ce kawai. Suna so kowane harsashi ya tarar da bututu a hali ɗaya da na gabansa, don in ƙanzo yana ƙaruwa, matsewa tana ƙaruwa, ƙarfin fita ya canza, harsashi ya sauka wani wuri dabam. Maharbin da zai yi harbi ɗaya ko biyu a yini ba ya bukatar wannan.

Yadda ake yi: ƙyalle mai laima, ba mai ɗigar ruwa ba, a tura sau ɗaya har ƙasa a jawo, a juya shi a sake, sannan a bi da busasshe. Wasu miyau kawai suke sa masa, kuma yana aiki in za a harba nan take. In ɗurin zai daɗe a ciki, miyau zai bushe ya bar zoben tsatsa daidai inda dalma ta zauna.

Me ya sa bindigata ta fi cijewa da hunturu?

Ka lura da kyau. Ƙanzo mai laima laushi gare shi, ɗuri na gaba yana share shi ya tura shi ƙasa. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, leɓe ma tsagewa yake yi, sai ƙanzon ya daskare ya yi tauri kamar ɓawon gurasa, musamman in bututu ya ɗauki zafi. Harbi uku, sanda ta ƙi shiga. Da damina kuwa za ka yi harbi goma ba ka ji komai ba, amma in ka kwana ba ka wanke ba, ka gamu da tsatsa. Wato kowane lokaci da irin masifarsa: da rani ka ƙara wa ƙyalle maiƙo da laima, da damina ka gaggauta wanka. Abin haushin shi ne lokacin farauta a ƙasarmu ya faɗo daidai lokacin da ƙanzo ya fi taurin kai.

Wane maiƙo ya kamata a sa wa ƙyallen da ke naɗe dalma?

Na dabba ko na tsiro, ba na fetur ba. Aikinsa shi ne ya haɗu da ƙanzo ya hana shi daskarewa. Haɗin da aka daɗe ana yi a Turai da Amurka shi ne kakin zuma da narkakken kitse, kuma kitsen rago ya yi suna wajen daɗewa bai lalace ba. Da zafi a ƙara kaki don kada ya narke ya jiƙa albarushi, da sanyi a rage. Mu nan muna da man kaɗanya, wanda bai cika narkewa ba sai ya ji ɗumin jiki, kuma na gwada shi da ɗan kaki ya yi mini daidai. Man gyaɗa yana danƙo in ya daɗe. Duk kitsen da aka sa wa gishiri kuwa, ka nisanta shi da bindiga. Waɗanda ke da hali suna sayen Ballistol, wani mai na Jamus da aka ƙirƙiro a 1904, wanda ke haɗuwa da ruwa ya yi fari kamar nono.

Maganar maiƙon nan ta taɓa girgiza daula guda. Bindigar Enfield ta 1853 da Ingila ta kai wa sojojinta na Indiya tana amfani da harsashi naɗe a takarda mai maiƙo, kuma soja sai ya ciji takardar da haƙori kafin ya ɗura. Labari ya bazu cewa da kitsen alade da na saniya aka shafe ta, ga shi sojojin Musulmi ne da mabiya addinin Hindu. Wannan na cikin abin da ya kunna boren 1857, wanda ya ɓarke a garin Mirat ranar 10 ga Mayu. Akwai tsofaffin ƙorafe-ƙorafe a ƙasa, amma ashanar da ta kunna wutar ita ce maiƙon da aka sa don ƙanzo.

Me ya sa mai zane a ciki ta fi shan wahala a kan adaka?

Adaka cikinta sumul yake, kuma abin da ake ɗura mata ba ya cika bututu. Haka ma tsohuwar bindigar sojan Ingila da ake wa laƙabi da Brown Bess: faɗin bututunta kusan milimita 19, dalmarta kuwa kusan 17.5. Da gangan aka bar wannan sarari don soja ya ci gaba da ɗuri ko ciki ya yi kaca-kaca. Abin da aka sadaukar shi ne saiti.

Mai zane kuwa, dole dalma ta kama zanen kafin ta juya ta tafi sak. A bututu mai faɗin milimita 12.7, ana sa dalma mai kusan 12.4 naɗe da ƙyallen da kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Ina wurin ƙanzo a nan? Ga shi kuma kwaruruwan zanen su ne wurin da yake fara cikawa. Shi ya sa aka yi ƙarnuka ana da bindiga mai zane amma yawancin sojoji ba su riƙe ta ba. Lokacin da Ingila ta fito da bindigar Baker a 1800, har da ƙaramar guduma ta katako aka haɗa wa sojojin farko don buga dalma.

Wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, shi ya shahara da mafita a 1849: harsashi mai ɗan tsawo wanda gindinsa rami ne, bai cika bututu ba, yana zurarawa cikin sauƙi, amma da albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya kama zane. Duk da haka ƙanzo bai saki ba. Bayan abin da sojoji suka gani a zafin Indiya, sai da Ingila ta rage faɗin harsashin Enfield daga inci 0.568 zuwa 0.55. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 kuma, an riƙa cusa wa sojojin Arewa wani harsashi na musamman mai suna Williams a cikin ƙunshinsu, mai faifan tutiya a gindi, wai ya kankare bututu yayin fita.

Dalma ta maƙale a rabin hanya. In harba ta haka?

A'a, ko da wasa. Dole dalma ta zauna a kan albarushi ba sarari a tsakani. In akwai sarari, ta zama toshiya, bututu yana iya kumbura ko ya fashe a hannunka. Cire hular wuta tukuna. Ɗiga ruwa kaɗan ta baki ya jiƙa ƙanzon da ke kewaye da ita, ka jira, ka tura da sanda a hankali, hannu a gefen sandar, fuska nesa da baki. In ta ƙi, jiƙa albarushin sosai ta ƙofar wuta, a jawo dalmar da sanda mai kan sukurun da ke huda ta, ko a kai wa maƙeri.

Yi wa sandarka alama biyu da wuƙa, ɗaya inda take tsayawa in bindiga ba komai, ɗaya inda take tsayawa in ɗuri ya zauna daidai. Ƙanzo yakan yi zobe mai tauri dab da mazaunin dalma, ka ji kamar ta dire alhali da saura. Alamar ce za ta gaya maka gaskiya.

Na share, sai kuma ta ƙi tashi. Me ya faru?

Ka tura jiƙaƙƙen ƙanzo ya toshe ƙofar wuta, ko ƙyallenka ya cika ruwa. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ci gaba da nuna bakin inda ba kowa na aƙalla minti ɗaya, don wani lokaci wutar tana tafiya a hankali ne. Bayan nan ka tsokaci ƙofar da siririyar waya, ka sa sabuwar hula. Kada ka ƙara wani ɗuri a kan na farko. Bayan gumurzun Gettysburg na 1863 a yaƙin basasar Amurka, an tsinci bindigogi sama da 27,000 a fili, kimanin 24,000 a ɗure, aƙalla rabin waɗannan kuma ɗuri fiye da ɗaya ne a cikinsu. Firgici ya ba da nasa, amma a ganina bindigar da ta ƙi tashi cikin ƙara da hayaƙi, mai ita bai sani ba, ita ma tana da hannu.

Tsofaffi suna busa bakin bindiga bayan harbi. Yana da amfani?

Laimar numfashi tana tausasa ƙanzo, wannan gaskiya ne. Amma ka ɗora kanka a bakin bindiga ke nan, kuma ranar da ka ɗauka ta tashi alhali ba ta tashi ba, babu gyara. Filayen gasa da yawa sun hana. Ƙyalle mai laima yana yin aikin, yana kuma kashe duk wani garwashi da ya saura. Saboda garwashin nan ne ma ba a zuba albarushi kai tsaye daga gora ko ƙaho, sai an auna a ɗan ma'auni dabam.

Mu 'yan bindigar hawan Sallah ba ma sa dalma. Mu ma sai mun wanke?

Ku kuka fi kowa bukata. In babu nauyi a gaban albarushi, ba ya samun matsin da zai ƙone sosai, sai ya bar dauɗa fiye da ta maharbi. Ga yawan harbi, daga hawan Idi zuwa Daushe zuwa Nassarawa, ga kuma son a cika albarushi don ƙara ta fi ta maƙwabci. Sannan a jingine bindiga sai wata Sallar, wata biyu da kwanaki in ƙarama ce ta wuce, kusan wata goma in babba ce. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, kamar yadda wasan dawaki da bindiga na Maroko ya shiga a 2021, don haka idon duniya yana kanku. Kowace yamma in an sauka, bokiti da ƙyalle kafin a ci tuwo.

Babu albarushin zamani da ba ya ƙanzo?

Akwai waɗanda aka yi musamman don maye gurbin baƙin albarushi, irin su Pyrodex da ya fito a shekarun 1970 da Triple Seven da ya biyo baya. Dauɗarsu ba ta kai yawa ba, amma tana jan laima, kuma ta Pyrodex ba ta da sauƙi wajen cin ƙarfe. Su ma da ruwa ake wanke su, a ranar.

Wanda ba ya ƙanzo da gaske shi ne marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, irin wanda ke cikin harsashin bindigogin zamani. Na san akwai masu farke harsashi su juye garinsa a adaka. Wannan neman mutuwa ne. Matsinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kuma bututun da aka ƙera a maƙerar gari ba zai ɗauka ba.

Tawa ta riga ta yi tsatsa. Tana gyaruwa?

In ja-ja ne a sama, wanka da buroshin tagulla da mai za su ɗauke shi. In ta yi ramuka, ƙarfen da ya tafi ya tafi. Ramuka marasa zurfi a mai zane suna yaga ƙyalle su ɓata saiti, amma ana iya lallaɓawa. Masu zurfi a kusa da gindi, inda matsi ya fi yawa, su ne abin tsoro, kuma ba a gane zurfinsu daga waje. A kwance gindin a leƙa da haske. In maƙeri ya yi shiru ya girgiza kai, kada ka tsaya ciniki da shi. Af, in za ka fita da ita zuwa maƙera, ka tuna dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware wa bindigogin ɗuri ta baki rukuninsu, kuma maganar lasisinsu tana hannun 'yan sandan jiha. Ka tafi da takardarka a aljihu, bindigar kuma babu ɗuri, a naɗe cikin buhu.